Tsohuwar Kyamara da Magajiyarta: Nazari a Kan Sauya Jikin Kyamarar DSLR Daga Zubi Zuwa Zubi

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1999, lokacin da kamfanin Nikon na ƙasar Japan ya fito da kyamarar da ya sa wa suna D1, har zuwa wajen 2020, masu sana'ar ɗaukan hoto ba su rabu da wata tambaya guda ba. Bayan kowace shekara biyu ko uku kamfani yakan fito da sabon zubi na kyamarar da ke hannun mutum, ya ƙara mata lamba ko ya ɗora wani harafi a bayan sunanta, sa'an nan 'yan talla su shiga yi mata kirari. Mai tsohuwa kuwa sai ya tsaya yana lissafi: ya sayar da tasa ya cika kuɗi ya ɗauki sabuwa, ko kuwa ya haƙura da wadda ya saba da ita? Tambayar ta wuce masu shagon hoto. Ta shafi ɗalibin aikin jarida da ya daɗe yana tara ɗan abin hannunsa, ta kuma shafi ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin sayo kayan aiki a sashen watsa labarai na wata ma'aikata, wanda kuɗin jama'a zai kashe, kuma wata rana za a tambaye shi dalili.

Abin da ya sa tambayar take da wuyar amsawa shi ne tazarar da ke tsakanin zubi da mai bi masa ba ta taɓa zama iri ɗaya ba. Akwai zubin da ya zo ya buɗe wa mai hoto ƙofar aikin da a da ba ya iya yi ko kusa. Akwai kuma wanda, in ban da suna da farashi, da ƙyar za a nuna abin da ya raba shi da wanda ya gada. Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda za a rarrabe tsakanin waɗannan biyu, ta hanyar duba abin da ya faru a tarihin kamfanonin nan biyu da suka mamaye kasuwar, watau Canon da Nikon.

Jiki da Ido

Kafin a yi nisa ya kamata a fayyace abin da ake magana a kansa. DSLR taƙaitaccen suna ne na Turanci, ma'anarsa kuwa kyamarar dijital mai ido ɗaya da madubi. Kashi biyu gare ta waɗanda ake iya rabawa. Na farko shi ne ido, wanda masu sana'a ke kira lans, watau bututun nan mai jerin gilasai da ake murɗawa a gaba. Na biyu shi ne jiki, wanda 'yan kasuwa ke ce wa bodi. A cikin jiki akwai madubi a karkace. Idan haske ya shigo ta ido sai ya bugi madubin ya tashi sama, ya bi ta wani dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar, ko ta wasu ƙananan madubai a kyamarori masu araha, ya fito ta 'yar tagar da mai hoto ke leƙawa. Saboda haka abin da ya gani shi ne ainihin abin da idon kyamarar ke gani. Da zarar ya danna maɓalli sai madubin ya ɗage, wani labule da ke bayansa ya buɗe ya rufe, hasken ya faɗa a kan wani siririn faifai na lantarki da ake kira sansa. Fuskar sansa cike take da ƙananan ɗigo miliyoyi, kowanne yana auna hasken da ya same shi, kuma daga waɗannan ma'aunai ne ake harhaɗa hoto.

Dangantakar jiki da ido ta yi kama da ta ƙota da ruwan fartanya. Manomi kan sake ƙota sau da yawa, amma ruwan yana nan. Bakin da ake murɗa ido a kansa a kyamarorin Nikon, mai suna F, tun 1959 aka fito da shi. Na Canon, mai suna EF, tun 1987. Don haka idon da Canon ya ƙera a 1990 yana hawa jikin da aka ƙera a 2016, ya kuma yi aiki yadda ya kamata.

A zamanin fim, jiki ma ba ya saurin tsufa. Kyamarar Nikon F3 ta fito a 1980, ba a daina ƙera ta ba sai a 2001. Pentax K1000 kuwa daga 1976 har 1997 ana sayar da ita, kusan ba tare da wani sauyi na a-zo-a-gani ba. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A wancan lokaci jiki akwati ne kawai mai duhu da labule, kyan hoto kuwa yana ga ido da kuma fim. Lokacin da Kodak ya fito da fim ɗin T-Max a 1986, ko Fuji ya fito da Velvia a 1990, mai kyamarar 1976 ba ya bukatar komai sai ya sayi naɗi ɗaya ya ɗura, nan take ya ci moriyar sabon ilmi da kuɗi kaɗan. Da dijital ta zo sai sansa ta maye gurbin fim, kuma an gina ta a cikin jiki, ba a cire ta. Wanda duk ya so sabon fim, a wannan ma'ana, tilas ya sayi sabon jiki ɗungurungum. Wannan shi ne tushen al'amarin gaba ɗaya, kuma shi ya mai da abin da ake riƙewa shekara ashirin ya koma abin da ake tunanin sauyawa bayan shekara uku.

Shekarun Tsalle

A farkon al'amari kowane sabon zubi tsalle ne na gaske. Kodak DCS ta 1991, wadda aka gina a kan jikin Nikon F3, ɗigo miliyan 1.3 gare ta, kuma ma'ajiyar hotunanta wani akwati ne daban da ake ratayawa a kafaɗa. Nikon D1 ta 1999 ta zo da miliyan 2.7 a jiki guda, a kan farashin da bai kai dala 6,000 ba, abin da ya sa gidajen jaridu da yawa suka fara barin fim. A 2003 Canon ya fito da 300D, mai miliyan 6.3, wadda aka sayar da ita tare da idonta ƙasa da dala 1,000. Nikon ya mayar da martani da D70 a 2004. Cikin shekara biyar ke nan yawan ɗigo ya ninka fiye da biyu, farashi kuma ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ya sauya jiki a waɗannan shekaru bai yi asara ba.

To, amma tun a lokacin ma ba kowane zubi ne tsalle ba. Canon 20D ta 2004 ɗigo miliyan 8.2 gare ta. Magajiyarta 30D, wadda ta fito a 2006, da wannan adadi ta zo. Abin da aka ƙara mata shi ne allon baya ya tashi daga inci 1.8 zuwa 2.5, da wata hanya ta auna haske a ƙaramin wuri, da wasu 'yan gyare-gyare. Hoton da ɗaya ta ɗauka ba a rarrabe shi da na ɗayar. Misalin da ya fi wannan fitowa fili shi ne na sansar nan mai ɗigo miliyan 18 da Canon ya fara sawa a 7D a 2009. Wannan adadi shi ya bi 550D da 60D a 2010, da 600D a 2011, da 650D a 2012, da 700D a 2013, har ya gangaro zuwa 4000D a 2018. An yi ta ɗan taɓa sansar, ana ƙara allo mai juyawa ko mai jin taɓawar yatsa, amma mutumin da ya sayar da 650D don ya sayi 700D kusan abin da ya fitar ta ƙofa shi ya shigo da shi ta taga.

Lissafin Ɗigo

Da yake yawan ɗigo shi ne abin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, ya dace a tsaya a kansa kaɗan. Ɗigon suna jere ne a tsawo da faɗi, saboda haka jimillarsu ba ta nuna ainihin ƙarin da aka samu a gefe guda. Sansa mai miliyan 6 tana da ɗigo kamar 3,000 a tsawo da 2,000 a faɗi. Kafin a ninka tsawon hoto da faɗinsa biyu, watau 6,000 da 4,000, sai an sami miliyan 24, ninki huɗu ke nan. Idan kuwa ninki biyu kawai aka samu, abin da ya ƙaru a tsawo bai wuce kashi 41 cikin ɗari ba. Daga 30D zuwa 40D ta 2007 an tashi daga miliyan 8.2 zuwa 10.1, a tsawon hoto kuwa daga ɗigo 3,504 ne zuwa 3,888, ƙarin kashi 11 cikin ɗari. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma da wuya ya ga wannan ƙarin a takarda.

Maɗaba'a mai kyau tana bukatar ɗigo 300 a kowane inci. A wannan ma'auni miliyan 6 sun isa hoto mai tsawon inci 10, miliyan 12 sun isa inci 14, miliyan 24 kuma inci 20. Hoton da ya fi haka girma daga nesa ake kallonsa, don haka ba ya bukatar wannan cunkoso. Wanda aikinsa hoton fasfo ne, ko kundin biki, ko shafin jarida, ko kalandar ma'aikata, tun wajen 2008 aka gama biya masa bukata ta wannan fuska. Masu bukatar miliyan 36.3 na Nikon D800 ta 2012, ko 45.7 na D850 ta 2017, su ne masu ɗaukan tsofaffin rubuce-rubucen hannu don adanawa, da masu hoton gine-gine, da masu bin tsuntsaye, waɗanda kan yanke ɗan yanki daga tsakiyar hoto su faɗaɗa shi. Su ma sai sun haɗa da ido mai kaifi da mariƙi mai ƙafa uku, domin yawan ɗigo yana tona asirin raunin ido da rawar hannu.

Inda Bambanci Yake

Sauye-sauyen da suka taɓa aiki sosai ba su cika fitowa a jikin kwali ba. Babba a cikinsu shi ne gani a duhu. Ana auna jin hasken sansa da ma'aunin ISO. Duk lokacin da lambar ta ninka biyu, rabin hasken da ake bukata a da ya isa. Sai dai idan aka ɗaga lambar fiye da ƙarfin sansa, hoto yakan fito da tsaki-tsaki, launukansa su dagule. Nikon D2X ta 2004 ɗigo miliyan 12.4 gare ta, ma'auninta na asali kuma a 800 ya tsaya. D3 ta 2007 ta zo da miliyan 12.1, watau ƙasa da na waccan, amma ma'auninta ya kai 6,400, ana kuma iya tura shi har 25,600. Ninki takwas ke nan a ma'aunin asali. Sirrin shi ne an faɗaɗa sansar ta kai girman fim na da, milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, fiye da ninki biyu na wadda ta gabace ta, saboda haka kowane ɗigo ya sami fili ya kwashi haske. Mai hoton da a da ba ya iya ɗaukan taro a zauren da fitilarsa ba ta da ƙarfi sai ya haska walƙiya a fuskar manyan baƙi, da D3, ko ƙanwarta D700 ta 2008, ya sami damar yin aikinsa shiru ba wanda ya dame. Mai ƙidayar ɗigo kaɗai da sai ya ce an ci baya.

Na biyu shi ne yawan abin da sansa ke iya riƙewa tsakanin wuri mai tsananin haske da wuri mai inuwa a hoto guda. Duk wanda ya taɓa ɗaukan dattijo sanye da farar babbar riga da rawani a tsakar rana ya san matsalar. In ya auna rigar, fuska ta nutse cikin duhu. In ya auna fuskar, aikin allurar da ke gaban rigar ya ƙone ya zama fari fat. Daga 2010, da fitowar Nikon D7000 da Pentax K-5, waɗanda suka yi amfani da sansar kamfanin Sony, sai ya zamana ana iya auna rigar, daga baya a ɗago fuskar a kwamfuta ba tare da tsaki-tsaki ya bayyana ba. Canon bai matso kusa a wannan fanni ba sai a 2016, da 80D da 5D Mark IV. Ga mai Canon, wannan shekara ta fi shekaru shida da suka gabace ta muhimmanci.

Na uku shi ne saiti, watau yadda kyamara ke daidaita ido da kanta a kan abin da ake son ya fito tas. Jerin 5D ya isa misali. Ta farko ta fito a 2005 da ɗigo miliyan 12.8. Mark II ta 2008 ta kai miliyan 21.1, amma guraben saitinta 9 ne kamar na yayarta, kuma ba ta cika hoto 4 a sakan guda ba. Mark III ta 2012 miliyan 22.3 gare ta, ƙarin da bai taka kara ya karya ba, har wasu suka yi ta gunaguni a kan farashinta na dala 3,499. Amma ta zo da guraben saiti 61, da hoto 6 a sakan, da mazaunin katin ajiya biyu. Ga mai shago wanda mutane ke zama a kujera su natsu, Mark II da Mark III duk ɗaya ne. Ga wanda zai tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, mahaya suna sukuwa sun nufo shi don yin jafi, bambancin shi ne tsakanin hoto da rashinsa. Katin ajiya na biyu kuwa ba ya ƙara wa hoto kyau ko kaɗan, amma kati yakan lalace, ɗaurin aure kuma ba a maimaita shi saboda mai hoto.

Batun bidiyo a taƙaice za a taɓa shi, ko da yake shi ne ya fi yin amo. Nikon D90 ta 2008 ita ce DSLR ta farko da ta ɗauki hoto mai motsi, 5D Mark II ta biyo ta cikin wannan shekara da inganci mafi girma, har a 2010 aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na wasan talabijin ɗin Amurka mai suna House da ita. Masu shirya fina-finai da ba su da jari mai yawa, har da na Kano da Legas, sun rungumi irin waɗannan kyamarori. Wanda ba ruwansa da bidiyo kuwa ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa ba.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu da mazauna ƙasashe masu damshi ba su cika damuwa da shi ba, watau ƙura. Duk sanda aka cire ido don sa wani, ƙura tana samun hanyar shiga ta zauna a kan sansa, ta riƙa fitowa baƙi-baƙi a kowane hoto. Olympus ne ya fara sa na'urar da ke girgiza ƙurar a E-1 a 2003, Canon ya biyo baya da 400D a 2006, Nikon kuma da D300 a 2007. Ga mai aiki a cikin hunturu, wannan ya fi ƙarin ɗigo miliyan biyu amfani.

Magajiya Mai Ragi

Kuskure ne a ɗauka cewa magajiya kullum ta ƙunshi duk abin da ke ga wadda ta gada. Kamfani yakan rage wani abu don ya sauke farashi, ko don ya tura mai saye zuwa ajin da ke sama. Canon 50D ta 2008 jikinta na ƙarfen maganiziyam ne, tana ɗaukan hoto 6.3 a sakan, tana kuma da hanyar gyara saitin kowane ido daban. Da 60D ta zo a 2010 sai aka lulluɓe ta da roba, saurin ya sauko zuwa 5.3, aka kuma cire gyaran saitin. Nikon D7200 ta 2015 mazaunin kati biyu gare ta. D7500 ta 2017 ɗaya, kuma an cire ɗan harshen da ke ba ta damar auna haske da tsofaffin idanu na hannu. D3400 ta 2016 ta rasa na'urar girgiza ƙura da ramin makirufo, waɗanda duk suna ga D3300. Kowace daga cikinsu ta fi yayarta a wasu fuskoki, amma wanda ya dogara da abin da aka cire, in bai bincika ba, sai ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Haka kuma saurin kai hannu ga sabon zubi yana da nasa haɗari. Nikon D600 ta fito a 2012, ba a daɗe ba masu ita suka fara kukan ɗigon mai da ƙura a kan sansa. A 2013 kamfanin ya fito da D610 da sabon labule, a 2014 kuma ya sanar da gyara kyauta ga masu D600. Waɗanda suka jinkirta shekara guda ba su ga wannan wahala ba.

Kuɗin da Ba Ya Cikin Farashi

Farashin jiki shi ne farkon kashe kuɗi. An ce baki ɗaya ne tun 1959 ko 1987, amma maganar tana da togaciya. Idanun Canon masu alamar EF-S, waɗanda aka fara ƙerawa a 2003 don ƙaramar sansa, ba sa hawa jiki mai babbar sansa irin 5D ko 6D. Mutumin da ya tara irinsu uku, ranar da ya haura zuwa babbar sansa sai ya sake sayen idanu daga farko. Na Nikon masu alamar DX suna hawa, amma tsakiyar sansar kaɗai suke cikawa, har D700 mai miliyan 12 ta koma tana ba da kimanin miliyan 5. Tun daga D40 ta 2006 Nikon ya cire injin saiti daga ƙananan jikunansa, saboda haka tsofaffin idanun da suka dogara da wannan inji sai dai a murɗa su da hannu. Idanun AF-P da suka fito a 2016 kuwa tsofaffin jikuna da yawa ba sa iya sarrafa su. Ko da ido ya hau lafiya, abin da yake gani yakan sauya: ido mai milimita 50 a kan ƙaramar sansar Canon yana kama abin da mai 80 zai kama a kan babba, don haka wanda ya saba ɗaukan fuska da shi zai tarar ya buɗe fiye da yadda ya sani.

Sai batir da kati. Wanda ya tashi daga 5D ta farko zuwa Mark II ya bar batiransa a baya, ko da yake sabon, LP-E6, ya daɗe yana aiki a jikuna da yawa bayan nan, kamar yadda EN-EL15 ya yi a gidan Nikon tun 2010. Katin ajiya ya tashi daga CF zuwa SD, a manyan jikuna kuma zuwa XQD daga 2012, kowanne da na'urar karanta shi. Hoton D800 guda ya kusa ninka nauyin na D700 uku, abin da ke nufin ƙarin ma'ajiya, wani lokaci ma sabuwar kwamfuta. Ma'aikatar da ta yi kasafin jiki kaɗai za ta iya wayar gari da kyamara a kabad, ana jiran kasafin baɗi.

Ga mai saye a Nijeriya akwai wani lissafin a kan wannan. Da dala ake sa wa waɗannan kaya farashi. A 2012 dala tana wajen naira 157, saboda haka 5D Mark III ta tashi a kan kimanin naira 550,000 kafin kuɗin fito da ribar ɗan kasuwa. Mark IV ta fito a 2016 a kan dala 3,499 ɗin nan dai, amma a lokacin dala ta haura naira 300 a farashin gwamnati, watau fiye da naira miliyan ɗaya. A 2024 dala ta wuce naira 1,500. Kuɗin da ake biyan mai hoto a biki bai bi wannan sawu ba. Shawarar da ake bayarwa a mujallun Turai da Amurka, cewa mutum ya tsallake zubi ɗaya ya sayi na gaba, a nan sai a ce ya tsallake biyu, ragowar kuɗin ya sa a ido mai kyau da fitila, waɗanda tasirinsu a hoto ya fi fitowa, darajarsu kuma ta fi jinkirin faɗuwa.

Bayan Madubi

Duk wannan bayani ya ginu ne a kan cewa wani zubi yana tafe. Wannan zato ya raunana ƙwarai. Panasonic ya fito da G1 a 2008, kyamara mai sauya ido amma ba madubi, inda sansa da kanta ke aika abin da take gani zuwa wani ɗan allo a cikin tagar leƙe. Sony ya kai wannan tsari ga babbar sansa da A7 a 2013. A 2018 Canon da Nikon suka bi, kowanne da sabon baki, RF da Z. Ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, CIPA, ta nuna an fitar da DSLR kimanin miliyan 16 a 2012. A 2020 ba su kai miliyan 2 da rabi ba, kuma a wannan shekara marasa madubi suka wuce su a yawa. Manyan jikunan nan biyu, Canon 1D X Mark III da Nikon D6, duk a 2020 suka fito. A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya shaida wa jaridar Yomiuri cewa 1D X Mark III ita ce ta ƙarshe a ajinta. Pentax ne ya ci gaba da riƙe madubi, da K-3 Mark III a 2021.

Saboda haka mai riƙe da 5D Mark III ko D750 hanya biyu ke gabansa. Ko ya ƙaura zuwa marar madubi, ya sayi zoben haɗi wanda zai ɗauki tsofaffin idanunsa. Idanun EF suna aiki sosai ta wannan hanya, amma zoben Nikon mai suna FTZ ba shi da injin saiti, don haka tsofaffin idanun da ke bukatarsa da hannu za a murɗa su. Ko kuwa ya haura mataki ɗaya a cikin gidan madubi ta kasuwar kayan hannu, inda ƙaurar masu hoton Turai da Amurka ta zubar da farashin jikunan da a da sai mai hali.

Mai bin hanya ta biyu akwai abin da ya wajaba ya duba. Labule da madubi sassa ne masu motsi, suna kuma gajiya. Kamfanoni kan faɗi adadin ƙiftawar da suka gwada labule a kai: kamar 100,000 a ƙananan jikunan Nikon, 150,000 a 5D Mark III da D7000, 200,000 a D800, har 400,000 a D4 da 1D X. Adadin ba ajali ba ne, wani labule kan mutu kafin ya kai, wani kuma ya ninka shi, amma ya isa a yi ciniki da shi. Jikunan Nikon suna rubuta ƙidayar a cikin bayanan kowane hoto, na Canon kuwa galibi sai an haɗa su da kwamfuta kafin a gani. Mai hoton biki da ke ɗaukan hoto 1,000 a mako yana cin 52,000 a shekara, don haka jikin da ya riga ya ci 120,000 cikin 150,000 wata bakwai ya rage masa a bisa lissafin kamfani, kuma kafin a biya kuɗinsa ya kamata a tambayi mai gyara ko yana iya samo labulen wannan zubi, da kuma nawa zai sa shi.